Tari da Haki a Nyanya: Yaushe Rabon Mai Duba Ka da Komawa Aji?

Duk wanda ya san hanyar Abuja zuwa Keffi ya san Nyanya da cunkoso. Tun da asubahi motoci ke jeruwa daga Masaka da Ado da Mararraba, su ratsa Nyanya su haura Kugbo zuwa cikin birni, da yamma kuma su juyo, kowace na feso nata hayaƙin a kan masu talla da 'yan acaɓa da masu jiran mota. A cikin unguwanni ga janareta a bakin ƙofa, ga gawayi da itace da mata da yawa suka koma wa saboda tsadar gas, ga ɗakuna a matse. Idan hunturu ya kama, ƙura ta ƙara nata. Shi ya sa tari da haki ba sa yankewa a layin marasa lafiya, daga Babban Asibitin Nyanya har zuwa ƙananan asibitocin kuɗi da shagunan kemis.

Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: wanda ke zaune a bayan tebur yana sauraren ƙirjin majinyaci, yaushe rabonsa da sabunta iliminsa? Hanyoyin kula da cututtukan numfashi sun canza sosai cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan, har ya zamana likitan da ya gama karatu a 2010 da sakamako mai kyau, in bai ƙara komai a kai ba, yana iya yi wa mutum maganin da duniya ta riga ta bari.

Mu fara da asma. Shekara da shekaru, abin da ake ba mai ƙaramar asma shi ne shuɗiyar inhela ta salbutamol, wadda aka fi sani da Ventolin, a ce ya shaƙa idan abin ya motsa. A 2019 ƙungiyar GINA, mai tsara ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta janye goyon bayanta ga dogaro da wannan magani shi kaɗai ga manya da matasa. Dalili kuwa shi ne asalin ciwon kumburi ne a cikin hanyoyin iska. Salbutamol yana buɗe hanya na 'yan awoyi, kumburin kuma yana nan, har ranar da zai tashi da ƙarfin da shaƙar ba za ta iya da shi ba. Abin da ake so yanzu shi ne kowane mai asma ya samu inhela mai ɗauke da maganin rage kumburi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, kuma 455,000 suka mutu, akasarinsu a ƙasashe irin namu. Duk da haka, har gobe za ka ga mai asma yana zarya: ciwo ya tashi da dare, a garzaya da shi, a yi masa allura, a sa masa na'urar turare, gari ya waye a sallame shi ba tare da maganin kariya ba, bayan wata biyu ya dawo.

Ko an rubuta maganin daidai, da sauran aiki. Mutane da yawa ba su iya shaƙarsa ba, kuma babu wanda ya taɓa nuna masu. Ana girgiza inhela, a fitar da numfashi, a danna daidai lokacin da aka fara zuƙa a hankali, sannan a riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Yaro ɗan shekara uku ba zai iya wannan ba, sai da mazubin da ake haɗawa tsakanin inhela da baki. A birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, Farfesa Heather Zar da abokan aikinta sun nuna tun 1999 cewa robar lemo mai rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen da kyau, tana aiki kamar mazubin kanti. A fesa sau ɗaya cikin robar, yaro ya ja numfashi sau biyar ko shida ta bakinta. Nas ɗin da aka koya wa wannan a hannu cikin rabin awa za ta koya wa iyaye ɗari. Kuma darasi ne da ya dace da aljihun mutanenmu, musamman tun da kamfanin magunguna na GSK ya sanar da rufe harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a watan Agustan 2023, farashin inhela ya yi tashin gwauron zabo.

Sai limoniya ta yara, wadda ta fi ci mini rai. Alƙaluman UNICEF sun nuna yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar ta kashe a Najeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a wannan shekara. Gano ta kuwa yana farawa da abin da ba ya buƙatar wutar lantarki. Uwa ta zaunar da yaro a cinya, a bari ya yi shiru, a ɗage rigarsa, a ƙirga numfashinsa minti guda cur da agogo. Jaririn da bai kai wata biyu ba, 60 zuwa sama ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Sannan a duba ƙasan haƙarƙari ko yana lotsawa ciki idan ya ja iska. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake ƙa'idar magani, ta sa amoxicillin na sha a gaba, har ga yaron da ƙirjinsa ke lotsawa matuƙar babu alamar haɗari irin su kasa shan nono, jijjiga ko suma. Ga kuma 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, wadda annobar korona ta sa kowa ya sani: idan ta nuna ƙasa da 90, yaro na buƙatar iskar oksijin. Wani bincike da masana na Jami'ar Ibadan da ta Melbourne suka yi a asibitoci 12 na kudu maso yamma ya nuna cewa horar da ma'aikatan jinya su riƙa auna kowane yaro da ita ya taimaka wajen rage mace-macen masu limoniya. Kai na'ura asibiti abu ne mai sauƙi. Mai wuyar shi ne ta zama al'adar aiki, dare da rana.

Tarin fuka ma haka. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu shi. Duk tarin da ya kai mako biyu, a tura kaki gwajin GeneXpert, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010, yake gano ƙwayar cutar da kuma bijirewarta ga rifampicin cikin awa biyu. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Mai nau'in da ke bijire wa magani a da yakan yi wata 18 zuwa 20 yana sha, amma tun 2022 akwai haɗin wata shida. Ma'aikacin da bai san haka ba zai yi ta canza wa mai tari maganin ruwa, mai tarin kuwa yana shiga motar haya kullum.

Akwai kuma tsohuwar da ta yi shekara arba'in a bakin murhu, ba ta taɓa shan taba ba, amma hawa ɗan tudu sai ta tsaya ta huta. Irinta ake ce wa "Baba, tsufa ne," ko a ɗora ta kan maganin tarin fuka karo na biyu alhali gwaji bai nuna komai ba. Ciwon toshewar hanyoyin huhu, wanda ya kashe mutum miliyan 3.23 a duniya a 2019, gwajin busa iska ne ke tabbatar da shi, kuma ba kowane likita ya taɓa riƙe na'urar ba.

Ba za a ce babu tsari ba. Hukumar MDCN mai kula da aikin likitanci ta wajabta wa likitoci tara maki na ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi, haka hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma tana da nata shirin na dole. A Saye da ke Zariya akwai cibiyar horarwa ta ƙasa kan tarin fuka da kuturta, ƙungiyar likitocin huhu ta Najeriya tana taro, kuma Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ƙaddamar da shirin sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000. Inda gizo ke saƙar shi ne maki yana auna halarta ne kawai. Mutum zai iya zama a ɗakin taron otal daga safe zuwa la'asar, ya karɓi takardar shaida, ya koma bakin aiki hannunsa bai koyi komai ba. Sannan wanda ya fi buƙatar bitar shi ne wanda ba zai iya barin layin majinyata ba, balle yanzu da abokan aiki ke ficewa ƙasashen waje. Mai kemis kuwa, wanda shi talaka ke fara zuwa wurinsa, da wuya a tuna da shi.

A ganina bita ta bi ma'aikaci har inda yake. Awa guda a mako a cikin asibiti, a ɗauko fayil ɗin majinyaci na gaske a tattauna, a riƙe inhela da na'urar yatsa a gwada a gaban juna. Tsarin ECHO, wanda Dakta Sanjeev Arora ya fara a jihar New Mexico ta Amurka a 2003, ya nuna ƙwararre ɗaya zai iya zama da ma'aikatan ƙauyuka da yawa ta bidiyo suna warware matsaloli tare. Daga Nyanya zuwa Asibitin Ƙasa ko Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ba sai an shiga cunkoso ba, wayar hannu ta isa.

Ina kira ga Hukumar Kula da Asibitocin Babban Birnin Tarayya da hukumar kula da lafiya a matakin farko su ware wannan awa a cikin lokacin aiki, su sa nas da jami'an lafiya na al'umma da masu kemis masu rajista a ciki, kafin hunturu mai zuwa. Kai kuma mai karatu, idan aka rubuta maka inhela ko aka rubuta wa ɗanka, kada ka tashi daga kujera sai ka ce, "Likita, don Allah nuna mini yadda ake shaƙa."