Filafon ɗin ɗakin ninƙaya: a duba abin da ke riƙe da shi kafin a duba kyawunsa

 Kwanakin baya wani mai kantin kayan gini ya tare mu bayan mun fito daga gidan rediyo, ya ce wani mai hali ya zo masa da cewa ya gina wurin ninƙaya a cikin ɗaki rufaffe a gidansa, abin nan da ake kira fisin, yana neman filafon da zai dace. Mai kantin ya ce sai da ya kusa miƙa masa filasta, irin wadda ake ƙawata falo da ita, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Mun ce masa ya yi daidai da ya dakata, domin wannan ciniki ne da rai yake ciki.

Filafon, wanda ƴan'uwanmu na ƙetaren iyaka ke kira silin, a ɗakin kwana aikinsa tare zafin kwano da ƙura. A ɗakin da ke da ruwa kwance dare da rana kuwa, labari ya sha bamban. Duk macen da ta taɓa ɗaga murfin tukunyar tuwo ta ga yadda tururi ke komawa ruwa a jikin murfin. To, haka filafon yake a wannan ɗaki. Ruwa mai ɗumi yana ta tashi sama, idan ya gamu da wuri mai sanyi, kamar kwano a daren hunturu ko bangon ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki, sai ya zama raɓa ya jiƙa duk abin da ya tarar.

Kuma ba tururi ne kaɗai ba. Ana zuba wa ruwan fisin sinadarin kuloro domin kashe ƙwayoyin cuta, wato irin wanda ke cikin ruwan jabel da mata ke wanki da shi. Idan ya haɗu da gumin masu wanka sai ya ba da wannan wari mai yaji a ido. Iskar tana hawa sama, ta sauka a kan ƙarfe, ta bushe, ta bar gishirinta. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ya taru.

Ga abin da ya faru a ƙasar Suwis. Ranar 9 ga watan Mayu na shekarar 1985, a garin Uster kusa da Zurik, filafon na kankare ya faɗo a kan masu ninƙaya a fisin ɗin gari, mutum 12 suka rasu. Ginin shekararsa 13 kacal. Da aka bincika sai aka gano sandunan da aka rataye filafon ɗin da su na inos ne, ƙarfen nan mai ƙyalli da muke cewa ba ya tsatsa, irin na kwanukan da ake sa wa amarya. Kuloro ya tsattsaga su ta ciki. A ƙasar Holand ma filafon ya faɗo a fisin ɗin garin Steenwijk a shekarar 2001, Allah ya sa babu kowa a ciki. A shekarar 2011 kuma, a garin Tilburg, lasifikan da aka rataye a saman ruwa suka faɗo, wata jaririya ta rasu. Duka ukun dalilin ɗaya ne.

Abin mamakin shi ne, inos da ke cikin ruwa, kamar matakalar sauka, yakan daɗe, saboda ruwa yana wanke shi kullum. Wanda ke can sama, yana ɗauke da nauyi, ba mai wanke shi, shi ne ke karyewa ba tare da ya yi wata tsatsa da za ta ja hankali ba. Saboda haka inos na yau da kullum, mai lamba 304 ko 316, wanda a kan noti ake rubuta A2 ko A4, bai kamata a rataya nauyi da shi a saman fisin ba. Akwai na musamman, kamar mai lamba 1.4529 ko 1.4547. Idan ba a samu ba, a yi amfani da ƙarfen da aka tsoma cikin narkakken tutiya, wato galba mai kauri, a kuma bi shi da fenti mai kyau.

Sai fuskar filafon ɗin. Filasta da allon filasta na falo suna shan damshi, su yi laushi, su yi baƙin fumfuna. Falankin katako mai ninki-ninki, manninsa yana sakewa ya ɓare. Allon da ake yi da garin katako kumbura yake. Abin da ya fi jurewa shi ne farantan roba na PVC, ga su da rashin nauyi, ga sauƙin gogewa, amma kada a manna su da kwano mai zafi, don suna lanƙwashewa. Akwai kuma allon siminti da aka shafe da fenti mai hana ruwa shiga, da alminiyom mai rufin fenti. Wanda ya nace sai katako, ya nemi mai jure ruwa, a shafe shi gaba da baya, a bar masa sararin shan iska.

Duk da haka, ko wane iri aka sa, idan tururi ya sami kafa ya shige bayansa, rufin zai ruɓe a ɓoye. Don haka ana shimfiɗa leda mai kauri wadda ba ta da huji ta ɓangaren ɗakin, a liƙe mahaɗarta sosai, sannan abin tare zafi da sanyi ya zauna a bayanta. A sa fanka mai zuƙe iska ta fitar waje. Masana suna son damshin ɗakin ya tsaya tsakanin kashi 50 zuwa 60 cikin 100. A riƙa rufe ruwan da tamfol idan ba a wanka. A bar ƴar ƙofa a filafon, yadda magini zai leƙa aƙalla sau ɗaya a shekara ya duba ƙusoshi da marataya.

Wata za ta ce, mu da ke neman na cefane ina ruwanmu da ɗakin ninƙaya? Ai darasin ya shafi makewayi mai filafon, da ɗakin girkin mai sayar da abinci inda tukwane ke tafasa tun asuba, da shagon da ake jibge jarkokin jabel a rufe. Ko'ina damshi ya zauna, a fara duba abin da ke riƙe da abin da ke bisa kanmu.

Ku kuma masu sayarwa, daga kasuwar Katako ta Yamai har Maraɗi da Damagaram da Tawa, kafin ku yanka farashi ku tambayi mai saye: a wane ɗaki za a sa? Idan abin da ya dace babu shi a kantinku, ku gaya masa gaskiya, ku nuna masa inda zai samu. Ribar rana ɗaya ba ta kai sunan kanti ba, balle ran ƴaƴan mutane. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Allah ya tsare mu, ya ba da kasuwa mai albarka.