Saƙar Zuma da Malamai Uku

A jadawalin makaranta an yanka mana ilmi gunduwa-gunduwa. Yanzu lissafi, in an buga ƙararrawa sai ilmin halitta, gobe kuma fiziks, watau ilmin zafi da nauyi da motsi. Amma ƙudan zuma ba su san ƙararrawa ba. Tambaya guda game da saƙarsu ta tara malaman fannonin nan uku, ga ta kuwa: don me ɗakunan saƙar su ke da kusurwa shida?

Mu fara da mai ilmin halitta. Shi ya ce kakin da ake ginin da shi tsada gare shi, gama daga jikinsu ƙudan ke fid da shi, kuma masu kiwonsu sun kiyasta sai sun sha zuma fam 6 zuwa 8 kafin su sami kaki fam guda. Ashe ko wace ɓarnar kaki ɓarnar abinci ce.

To, sai mai lissafi ya karɓa. In za a shimfiɗa ɗakuna iri ɗaya, masu gefe daidai da kusurwa daidai, ba tare da barin kafa ba, siffa uku kaɗai ke yiwuwa: mai kusurwa uku, mai huɗu, da mai shida. A ɗauka ko wane ɗaki faɗinsa inci murabba'i guda ne. Mai kusurwa uku zai ci bango inci 4.56, mai huɗu inci 4, mai shida kuwa 3.72 kacal. Pappus na Iskandariya ya yi magana a kan wannan tun ƙarni na 4. Amma in bangon ya lanƙwashe fa, ko ɗakunan suka saɓa da siffa? Wannan ya gagari malamai zamani mai tsawo. Fejes Tóth na ƙasar Hungari ya warware rabin matsalar a 1943, inda bango miƙaƙƙe ne. Sai a 1999 Thomas Hales na Jami'ar Michigan a Amurka ya kawo hujja cikakkiya cewa ko yaya aka lanƙwasa bango, ba siffar da ta fi mai kusurwa shida tsimin kaki.

Sanin abin da ya fi kyau dabam, iya gina shi dabam. Nan masu fiziks suka shigo. A 2013 Malam Karihaloo na Jami'ar Cardiff da abokan aikinsa suka ce ɗakunan da'ira su ke farawa, sa'an nan ƙudan su ɗumama kakin har wajen digiri 45 na ma'aunin Selsiyas, ya yi laushi, ya ja kansa a mahaɗar ɗaki uku, kamar yadda kumfar sabulu ke yi in ta cunkusu. In haka ne, ƙudan ba su da gwaninta ke nan, zafi ne magini.

Amma a shekarar nan kuma Bauer da Bienefeld a Jamus suka buga nasu binciken. Sun ɗauki hoton ƙuda suna cikin gini da na'urar auna zafi, suka tarar kakin bai kai digiri 38 ba, watau bai isa malala ba. Abin da suka gani shi ne ƙuda suna shafa bango da 'yan ƙahoninsu, suna gyara shi da muƙamuƙi da ƙafafu.

A 2021 Michael Smith da Nils Napp da Kirstin Petersen a Amurka suka bi wata hanya mai hikima. Maimakon inda saƙa ta yi kyau, suka duba inda ta sami matsala. Ƙuda sukan fara gini a wurare dabam-dabam, dole wata rana sassan su gamu, ga shi kuma ɗakin renon namiji ya fi na ma'aikaciya girma. Da suka auna ɗakuna fiye da 19,000, sai suka ga ƙudan kan sa ɗakuna matsakaita tsakanin manya da ƙanana, a wurin gamuwa kuwa sau da yawa su jera mai kusurwa biyar kusa da mai bakwai, ɗinkin ya rufu ba tare da asarar wuri mai yawa ba. Lalle wannan aikin magini ne mai duba abin da ke gabansa.

Mu da za mu tsaya gaban yara, akwai abin ɗauka a nan. Da mun tsaya ga bayanin kumfar sabulu don daɗinsa, da mun koya musu abin da ma'auni bai goyi bayansa ba. Mu sa su jera marafan kwalba a tebur, su ƙirga da kansu su ga shida ne ke kewaye ɗaya. Mu kawo guntun saƙa daga amya, su nemo ɗaki mai kusurwa biyar, su duba maƙwabcinsa. Yaron da ya samo shi ya yi lissafi da ilmin halitta a zama guda, ya kuwa gane da kansa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.