Rinin da ke nuna yadda jiki ke yaƙar ciwon daji

Idan aka cire wa mace ƙari a mama a Babban Asibitin Gwarzo, ko aka yi wa wani dattijo daga Kabo aikin hanji, ɗan naman da aka yanko sai ya kama hanyar birni a cikin kwalba, zuwa wurin likitocin binciken nama irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A can ake daskarar da shi cikin kakin farafin, a fere shi siriri, kaurinsa kashi 4 cikin dubu na milimita, a rina shi shuɗi da ruwan hoda. Likita ya duba a madubi, ya ce daji ne ko ba shi ba ne. Wannan rini ya haura shekara ɗari yana aiki, kuma har gobe shi ne ginshiƙi.

Sai dai ƙari ba ƙwayoyin daji kaɗai ba ne. A cikinsa da gefensa akwai ƙwayoyin garkuwar jiki da suka zo yaƙi. A 2006 Jérôme Galon da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa a dajin hanji, irin waɗannan ƙwayoyi da yawansu da wurin da suka tsaya suna nuna yadda majinyaci zai kasance. Matsalar ita ce a tsohon rini kusan duk kamarsu ɗaya, kamar 'yan sintiri cikin duhu: ba ka san mai tsaron gari ba, ba ka san wanda ɓarawo ya saye ba.

Sabuwar dabarar tana amfani da antibodi, wato sunadaran da kowanne ke manne wa abu guda tak. Tun 1941 Albert Coons ya ɗaura wa antibodi launi mai ƙyalli a Amurka. Abin da ya ƙaru yanzu shi ne tara launuka da yawa a kan yanka ɗaya. A tsarin Opal, ana zuba antibodi na farko, launinsa ya kama naman daram, a ɗaye antibodin da zafi, launin ya zauna, a zuba na biyu da wani launi, haka har shida ko takwas. Kowane antibodi yana neman wata alama a jikin ƙwaya: CD8 yana nuna ƙwayoyin da ke kashe daji. FOXP3 yana nuna masu kwantar da yaƙin, CD68 masu haɗiye datti, PD-L1 kuma alamar da ƙari ke ɗagawa don a ƙyale shi. Kyamara ta ɗauki hoton, kwamfuta ta rarrabe launukan, ta ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, har ta auna tazarar da ke tsakanin mai kisa da abin kisansa. Tsarin CODEX da aka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford yana kaiwa alamomi 50.

Amfanin wannan ƙidaya ya fito ne da zuwan magungunan da ke sakar wa garkuwar jiki mara, binciken da ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Magungunan suna da tsadar gaske, kuma ba kowa suke yi wa aiki ba. Wani nazari da aka buga a mujallar JAMA Oncology a 2019 ya gano cewa rini mai launuka da yawa ya fi gwajin PD-L1 shi kaɗai iya hasashen wanda zai amfana. Ga iyalin da sai sun sayar da gona kafin su sayi allura, wannan ba ƙaramar magana ba ce, ko da yake har yanzu dabarar ta fi zama a ɗakunan bincike fiye da asibitoci, a Turai ma.

A ganina, rabon Gwarzo da Kabo a wannan ilimi ba sayen na'ura ba ne tukuna. Yana cikin sa'ar farko bayan tiyata. Ƙa'idar naman mama ita ce ya shiga ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari kafin awa ɗaya, ruwan ya ninka naman sau goma, ya jiƙu tsakanin awa 6 zuwa 72. In ya kwana a leda ko a ruwan gishiri, da zafin nan namu na bazara, sunadaran naman sun lalace, kuma babu na'urar da za ta dawo da su. In kuwa dangi suka ce a ba su su binne, to, shi ke nan, shaidar ta tafi.

Naman da aka adana daidai yana shekaru a cikin kakinsa, ana iya rina shi daga baya. Kuma muna da dalilin so a rina namu. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jagoranta a 2009 kan matan Najeriya da Senegal ya nuna cewa dajin mama da ba ya jin maganin homon ya fi yawa a nan fiye da tsakanin Turawa. Wani nau'insa, wanda ba ya ɗauke da ko ɗaya daga alamomi ukun da aka saba nema, shi ne Amurka ta amince a yi wa magani da pembrolizumab, ɗaya daga waɗancan magungunan garkuwar jiki, a 2020, bayan an duba PD-L1 a naman majinyaciyar.