Ganuwar Kano da Amfanin Tsare Kufai

Kafin a kafa Jihar Jigawa a 1991, ƙasashen Dutse da Jahun da Aujara duk a ƙarƙashin Kano suke. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san yadda birnin nan ya kafu, da kuma yadda aka gano labarinsa.

Mafarin Kano shi ne Dutsen Dala. Masu binciken kufai sun sami kashin maƙera da gawayi a wurin. Da aka auna gawayin, sai aka ga ana narka tama a nan tun wajen ƙarni na 7, watau fiye da shekara 300 kafin zuwan Bagauda a 999.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Gijimasu (1095-1134) shi ya fara gina ganuwa. Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faɗaɗa ta, ya kafa Kasuwar Kurmi, sa'an nan Muhammadu Nazaki (1618-1623) ya ƙara mata. Da ƙasa aka gina ta, ramin da aka haƙa kuwa ya zama gwalalo. An bar gonaki da kududdufai a ciki, domin in yaƙi ya taso mutanen karkara su shigo da dabbobinsu, yunwa ba ta kama su ba. Sa'ad da Turawa suka ci Kano a 1903, kewayenta ya kai mil 11.

Tsaron nan shi ya jawo fatake. A zamanin Abdullahi Burja (1438-1452) aka buɗe hanyar Gwanja, inda ake samo goro. A can ƙasar Akan ta Gana, masana sun tona kufan Begho cikin shekarun 1970, suka binciki unguwar da fatake Musulmi suka zauna. Ashe abin da baki ya manta, ƙasa tana riƙe da shi.

Mu ma muna da namu, kamar zanen duwatsun Birnin Kudu da Garun Gabas na ƙasar Haɗeja. To, amma kufai ba ya ba da labari sai an same shi yadda yake, gama abin da ke can ƙasa ya girmi na bisansa. In manomi ya birkita su, lissafi ya ɓace ke nan.

Don haka in aka tono tsohuwar tukunya ko kashin maƙera, dagaci ya hana taɓawa, ya sanar da hakimi. Malamin hakimi ya rubuta sunan wurin da ranar, da abin da dattawa suka sani, a aika wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Lalle kuma a hana ɗibar ƙasar ganuwa don yin tubali. Abin da kakanni suka yi shekaru suna ginawa, masu jakuna suna iya kwashe shi a rani ɗaya.