Yadda Ake Mayar da Agogo Baya Idan Sakamakon Jarabawa Ya Goge

A hutun da ya gabata na yi aikin sanin makamar aiki a wata makaranta a Gusau. Ranar wata Talata, da ƙarfe 11:15 na safe, wani malami ya zo cire sunan ɗalibin da ya koma Tsafe, sai hannunsa ya kuskure ya share makin 'yan ajin ƙarshe kaf. Kwafin da ke ajiye na makon jiya ne. Kwana huɗu malamai suka yi suna tono takardu, ɗalibai kuwa hankali a tashe.

Makarantu da asibitoci da bankuna da yawa yanzu suna ajiye bayanansu ne a abin da ake kira girgije, wato manyan kwamfutocin kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google, waɗanda ake shiga ta intanet. A can akwai wata dabara da za ta iya mayar da rumbun bayanai daidai yadda yake a mintin da ka zaɓa.

Ku ɗauki misalin mai shago a kasuwar Bungudu. Kowane dare yana ƙirga kayansa, da rana kuma duk abin da ya shiga ko ya fita sai ya rubuta tare da lokacinsa. In aka tambaye shi abin da ke shagon da ƙarfe 11:14, zai ɗauko ƙirgen daren jiya, ya bi rubutun layi-layi har zuwa wannan minti, ya tsaya. Haka kwamfutar take yi: cikakken kwafi ɗaya, da littafin kowane canji. Da makarantar nan ta kunna wannan tsari, da an koma 11:14, minti ɗaya kafin ɓarnar.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Dole a saita shi tun kafin tsautsayi. Da farko a kunna shi, a zaɓi yawan kwanakin da za a riƙa ajiyewa. A tsarin RDS na Amazon ana iya kaiwa kwana 35. Sannan a kulle kwafin da makullin sirri, a taƙaita masu ikon goge shi, domin ɓarayin intanet masu garkuwa da bayanai sukan nemi kwafin su lalata. A kula da agogo kuma: yawancin waɗannan kwamfutoci suna aiki da lokacin UTC, wanda Najeriya ta riga da awa ɗaya. Daga ƙarshe a riƙa gwada dawo da bayanan lokaci-lokaci.

Wannan gwaji ba wasa ba ne. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge babban rumbunsu bisa kuskure. Da suka juya ga hanyoyin ajiyar da suka dogara da su, sai suka tarar da yawa ba sa aiki, suka yi asarar bayanan kusan awa shida.

Batun ma ya shiga doka. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda hukumar NDPC ke kula da ita. Dokar ta wajabta wa masu riƙe bayanan mutane su ɗauki matakan kare su, kuma ta lissafa hanyar dawo da su cikin lokaci idan matsala ta auku a cikin matakan da za a iya ɗauka. In an yi kutsen da zai iya cutar da mutane, a sanar da hukumar cikin awa 72.

Ƙannena, makinku da hotonku da ranar haihuwarku amana ce a hannun makaranta. Gobe in kun shiga darasin kwamfuta, ku tambayi malam cikin ladabi: in sakamakonmu ya goge yau, zuwa wane lokaci za a iya komawa, kuma yaushe aka gwada?