Yadda kayan gwajin ƙanjamau ke isa Ushafa, da abin da ke iya datse musu hanya

Gwajin ƙwayar cutar HIV, mai haddasa ƙanjamau, ba ya ɗaukar lokaci. Ana sukar ɗan yatsa, a ɗiga jini a kan wani ɗan siririn tsinken gwaji, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Sai dai kafin tsinken ya iso teburin ma'aikaciyar lafiya a Ushafa, cikin Ƙaramar Hukumar Bwari a Babban Birnin Tarayya, yakan shafe watanni yana tafiya daga hannu zuwa hannu, kuma duk inda aka samu tsaiko, mai neman gwajin ne ke ji a jikinsa.

An fi sanin Ushafa da sana'ar ginin tukwane, wadda ta sa tsohon Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci ƙauyen a watan Agustan 2000. Yanzu garin ya cika da ma'aikata, sannan yankin Bwari na ɗauke da ɗimbin ɗalibai, domin nan ne hedikwatar Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya da Jami'ar Veritas suke.

Binciken ƙasa na NAIIS da aka gudanar a 2018, aka bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 na ɗauke da ƙwayar cutar, kuma an ƙiyasta masu ita a ƙasar sun kai miliyan 1.9. Ba a ɗora kowa a kan magani sai gwaji ya tabbatar, saboda haka kowane shiri na yaƙi da cutar daga wannan tsinke yake farawa.

Dalilin da ya sa ake buƙatar gwaji iri uku

Tsinke ɗaya ba ya yanke hukunci. Tsarin da Najeriya ta daɗe tana bi shi ne a fara da Determine, idan ya nuna alama a tabbatar da Uni-Gold, idan biyun suka saɓa a raba gardama da Stat-Pak. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sai gwaje-gwaje uku a jere sun nuna alama kafin a shaida wa mutum yana ɗauke da cutar, don rage kuskure.

Ma'anar wannan ga mai kula da sito ita ce, ko da katan-katan na gwajin farko sun cika kanta, idan na tabbatarwa ya ƙare aiki ya tsaya. Dole a tura mutum babban asibitin Bwari ko na Kubwa, kuma ba duk wanda aka tura ne ke da kuɗin mota ko ƙarfin zuciyar zuwa ba.

Daga masana'anta zuwa kanta

Dukkan nau'ukan uku na kamfanonin ƙetare ne. Shekara da shekaru, kaso mafi tsoka na kuɗin sayensu na fitowa ne daga shirin PEPFAR na gwamnatin Amurka, wanda aka kafa a 2003, da Asusun Duniya na Yaƙi da Ƙanjamau da Tarin Fuka da Zazzaɓin Cizon Sauro, wanda aka kafa a 2002.

Idan kaya suka iso, ana sauke su a manyan rumbunan magunguna na Legas da Abuja, daga nan a rarraba zuwa rumbunan shiyya, sannan motoci su kai wa asibitoci. Adadin da kowace cibiya za ta samu ya dogara ne da rahoton da take turawa duk bayan wata biyu: nawa ta karɓa, nawa ta yi amfani da su, nawa suka rage. Ana shigar da alƙaluman a manhajar ƙasa ta NHLMIS. Rahoton da ya makara ko aka cika shi da ƙiyasi kan sa wata cibiya ta rasa kaya, wata kuma ta tara har wa'adinsu ya cika.

Zafi ma abin lura ne. Ana so a ajiye Determine tsakanin digiri 2 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyos, alhali a watan Maris zafin Abuja kan haura digiri 35. Ɗakin ajiya mai rufin kwano, babu fanka, na iya raunana kayan tun kafin ranar da aka rubuta a jikin kwalinsu.

Girgizar 2025

Ranar 20 ga Janairun 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin dakatar da tallafin ƙetare na kwana 90. Duk da an sassauta daga baya kan ayyukan ceton rai, an rufe hukumar USAID, wadda ke kula da kwangilar saye da jigilar kayan, a watan Yulin shekarar.

A watan Fabrairun 2025 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen ƙunshin magungunan ƙanjamau 150,000, Majalisar Dokoki ta Ƙasa kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya. A watan Mayu aka buɗe masana'antar Codix Bio a Sagamu, Jihar Ogun, domin haɗa kayan gwajin gaggawa tare da kamfanin SD Biosensor na Koriya ta Kudu. Wannan ya zo bayan umarnin Shugaba Bola Tinubu na watan Yunin 2024, da ya ɗauke haraji kan injina da kayan haɗa magunguna. Haɗa kayan a gida zai taƙaita tafiyar, amma kuɗin jigila da ingancin rahoto na nan a wuyan gwamnatoci.

Su wa abin ya fi shafa

Mace mai juna biyu ce kan gaba. A cewar Hukumar Lafiya ta Duniya, idan ba a ɗauki mataki ba, yiwuwar uwa ta sa wa jaririnta cutar na tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100, amma da magani yakan sauka ƙasa da kashi 5. Wadda ta zo awon ciki ta tarar babu kayan gwaji, ta yiwu ba za ta sake dawowa ba sai naƙuda.

Ɗalibai kuwa, da yawansu na gudun layin asibiti saboda tsoron idon sani. Ga irinsu akwai gwajin da mutum ke yi wa kansa, kamar OraQuick da ake goga wa dasashi a jira minti 20, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta goyi baya tun 2016. Mai saye ya duba lambar rajistar NAFDAC da ranar cikar wa'adi. Idan ya nuna alama, wajibi ne a je asibiti a tabbatar. Idan bai nuna ba, alhali an shiga haɗarin kamuwa kwanan nan, a maimaita bayan wata uku, domin jiki na ɗaukar lokaci kafin ya samar da sinadaran kariya da gwajin ke ganowa.

Dokar hana tsangwamar masu ƙanjamau ta 2014 ta haramta korar mutum daga aiki ko makaranta saboda sakamakonsa, kuma kyauta ake ba da maganin rage kaifin cutar a asibitocin gwamnati da ke cikin shirin. Wanda ya je cibiya ya tarar kayan sun ƙare, yana da damar neman a tura shi wata mafi kusa a ranar, ya kuma sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa.