Ɗan Wasa Daban, Rawar Da Ya Taka Daban

Ka ce wa dattijon da ya yi zamani da akwatin talbijin mai baƙi da fari "Usman Baba Pategi", sai ya yi jim yana tunani. Ce masa "Samanja", nan take fuskarsa za ta washe. Mutumin ya rasu a 2023, amma sunan wasa ya daɗe da danne na yanka. Haka Ɗan'azumi Baba ya koma Kamaye tun da Arewa24 ta fara nuna Daɗin Kowa.

Wannan ba laifi ba ne, ƙauna ce. Shiri mai dogon zango yana shigo mana ɗaki duk mako, muna cin tuwo tare da mutanen cikinsa har su zama tamkar 'yan gida. Shi ya sa ranar da aka ga Fati Washa a matsayin Sumayya cikin Labarina, bayan Nafisa Abdullahi ta bar shirin, 'yan kallo da yawa suka yi ta ƙorafi kamar an musanya musu 'yar'uwa. Su kuma masu kallon Kwana Casa'in, sai ka ji ana musu a majalisa kan mulkin Bawa Maikada, kai ka ce jihar Alfawa ta cikin shirin na kan taswira.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da fushin ya tsallake labari ya faɗa kan mai wasan. A ba mace rawar muguwar kishiya, ta yi ta yadda ya kamata, sai a bi ta shafinta da zagi da tsinuwa, wani lokacin har a haɗa da iyayenta. To ita ta rubuta? Marubuci ne ya tsara, darakta ya ce "yi kaza", ita kuwa sana'a ta fito yi. Ni a ganina, idan har ta sa ka ji kamar ka fasa talbijin, yabo ta cancanta, domin ta iya aikinta.

Akwai kuma masu ɗaukar wanda ya fito a malami tamkar waliyyi, ran da ya yi kuskure irin na ɗan Adam su ce ya yaudare su.

Idan labari ya ɓata maka rai, mai karatu, soki labarin, ka gaya wa marubuci inda ya kauce. Mutuncin 'yar mutane kuwa, ka bar mata abinta.